Yadda ATP ke tayar da garkuwar jiki

A cikin ƙwayar halitta, sinadarin ATP makamashi ne. Da zarar ƙwayar ta fashe saboda rauni ko cuta, sai ya kwararo waje ya zama ƙararrawa. Tun 1972 Geoffrey Burnstock, masanin Ingila, ya ce ATP na isar da saƙo tsakanin ƙwayoyi, amma an daɗe ana shakkar maganarsa.

Ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye ƙwayoyin cuta suna da wata ƙofa, P2X7. ATP na taɓa ta, sai fotasiyam ya fice daga ƙwayar, ita kuma ta saki sinadarin IL-1β mai haddasa kumburi da zazzaɓi.

Sinadaran CD39 da CD73 kuwa suna mayar da ATP adenosin, mai kwantar da garkuwa. Abin takaici, ciwon daji yakan cika kewayensa da adenosin har garkuwar ta yi laƙwas.