Riƙon Faifai Da Riƙon Majajjawa: Darasi Daga Gonakin Dandume

Kwanakin baya wani ɗalibina ya nuna mini bidiyon wani wasa da ya samo asali daga Amurka, wanda za mu iya kira golf na faifai. Ana jefa faifan roba ne daga nesa har ya faɗa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya kai da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani. An kafa filinsa na dindindin na farko a Pasadena ta Jihar Kalifoniya a 1975, ƙungiyar 'yan wasan kuma a 1976. Abin da ya ja hankalina shi ne muhimmancin da suke bai wa riƙo. Mai neman nisa yakan lanƙwashe yatsu huɗu a ƙarƙashin bakin faifan, babban yatsa ya danne ta sama. Wanda ya matso kusa da kwando kuwa sai ya baza yatsun, ya rage ƙarfi domin ya sami saiti.

Nan take na tuna ƙuruciyata a Dandume. Idan dawa ta fara nuna, jan-baki suka sauko, mu yara ake turawa gona da majajjawa. Igiya ɗaya akan zarga ta a yatsan tsakiya, ɗayar kuma a matse ta tsakanin babban yatsa da manuni. Kakana ya sha gaya mini cewa wanda ya damƙe igiyar da ƙarfi jifarsa kan makara, wanda ya yi mata riƙon sakainar kashi kuma dutse kan kuɓuce masa, wataƙila ma ya sami ɗan'uwansa. Ashe ka'idar ɗaya ce da ta masu faifai: inda kake son jifa ta sauka da lokacin da za ka saki, su ne ke zaɓa maka riƙo.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ke damuna shi ne makomar kalmomin wannan sani. Hausa ta bambanta riƙewa da damƙa, da cafka, da runtsewa, da matsewa, kowace da aikinta. Yaro a gona yake koyon wannan bambanci, da hannunsa. Yau kuwa matsalar 'yan bindiga da ta addabi Dandume da Sabuwa da Faskari ta sa iyaye da yawa suna fargabar tura yara gonakin nesa. Idan aikin ya tafi, kalmominsa za su bi shi.

Saboda haka ina kira ga malaman motsa jiki na makarantunmu na firamare da su mayar da majajjawa wasan saiti, a fili mai faɗi, da ƙwallon tsumma maimakon dutse, a gayyato dattawa su koyar da riƙon da sunayensa. Amurkawa sun kafa wa jifarsu ƙungiya da dokoki. Mu tamu ba ta bukatar komai sai igiyar rama da mai koyarwa. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a gonakinmu, amin.