Idan Injin Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Mutu a Sama

Ka sani, ya mai karatu, mutane da yawa suna zaton idan injin helikwafta ya mutu a sama, ba abin da ya rage sai faɗowa kamar dutse. To, al'amarin ba haka yake ba.

Maƙeransa sun sa wata dabara tsakanin inji da farfelar da ke bisa kansa. Da zarar inji ya tsaya sai ta saki farfelar ta ci gaba da juyawa, kamar yadda keke yake gudu a gangare ko mahayi bai taka ba. Amma da sharaɗi: wajibi ne matuƙi ya sauke sandar da ke hannunsa na hagu nan take, domin fukafukan su kwanta. Jirgi yana gangarowa, iskar da ke buso shi daga ƙasa tana juya farfela.

Wannan juyi shi ne jarin matuƙi. Sai ya kusa ƙasa zai ɗaga hancin jirgi ya rage gudu, sa'an nan ya ja sandar, ya kashe jarin duka lokaci guda, ya dira. In ya yi gaggawa, jari ya ƙare yana sama. In ya yi jinkiri, ƙasa ta riga shi.

Ran 21 ga Yuni 1972, wani Bafaranshe, Jean Boulet, ya hau da jirgi ƙirar Lama har mita 12,442. Can tsananin sanyi ya kashe injin, ga shi kuwa an cire batir tun a ƙasa don rage nauyi, ba halin tayarwa. Haka ya gangaro ba inji, ya sauka lafiya.

Amma a birnin Glasgow na ƙasar Birtaniya, daren 29 ga Nuwamba 2013, injuna biyu na jirgin 'yan sanda suka mutu bi da bi. Akwai mai a babban tanki, sai dai famfunan da ke tura shi a kashe suke. Farfela ta rasa gudunta, jirgin ya auka kan rufin wata mashaya, mutum 10 suka rasu.

Saboda haka ba a ba matuƙi takardar shaida sai ya nuna ya iya wannan sauka, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.