Ɗan Fai Mai Gasasshiyar Abarba Don Tarbar Baƙi

Idan baƙi suka zo gaisuwar Sallah, cincin da mitfai muka saba fitarwa. A wannan makon mun kawo muku sabon abu: ɗan fai mai loma ɗaya, da gasasshiyar abarba a samansa.

Abarbar za mu fara gasawa. Ɗanyarta ruwa gare ta, idan muka ɗora ta haka a kan kwaɓi sai ƙasansa ya jiƙe ya ƙi gasuwa, kuɗin fulawa da bota su tafi a banza. Gashi na rage ruwan, zaƙin ya ƙaru, zafin kuma ya kashe sinadarin da ke sa harshe ƙaiƙayi.

Mu yanka ta ƙanana, mu barbaɗa sukari da kirfa, mu gasa minti 15. Ƙa'idar kwaɓin kuwa, bota rabin nauyin fulawa: fulawa giram 200, bota giram 100, gishiri kaɗan. Mu murtsuke da yatsu har ya zama kamar garin kwaki, mu zuba ruwan sanyi cokali 3. Yawan cuɗawa na sa shi tauri. Mu murza da kwalba, mu yanka da bakin ƙaramin gwangwanin tumatir, mu ɗora abarba, mu gasa minti 20.

Wanda ba su da obin, su zuba yashi a tukunya ya yi zafi, su ɗora faranti su rufe. Lokacin mangwaro ma haka za mu yi. A dai nemi izinin Mama kafin a kunna wuta.