Yadda Ake Aika Keken Lantarki Zuwa Nesa Ba Tare Da An Taka Dokar Batir Ba

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na shekarar 2023, jama'a da dama sun mai da hankali ga keken lantarki, watau keken da batir ke tura shi. Ba ya shan mai, caji kawai ake yi masa. Wasu suna sayo shi daga Legas, 'yan kasuwa kuma suna yo odarsa daga ƙasar Sin ko Dubai. Wani kuwa ɗansa ne ko ƙanensa da ke ƙasar waje yake son aiko masa da shi gida.

To amma sau da yawa sai an biya kuɗi sannan matsala ke ɓullowa. Mutum ya isa filin jirgin sama da kekensa cikin kwali, ma'aikata su ce keke zai wuce, batir kuwa ba zai shiga jirgi ba. Ga shi batir ne abu mafi tsada a jikin keken. Saboda haka ya kamata mai niyyar saye ko aikawa ya san dokar tun kuɗinsa na aljihunsa.

Me Ya Sa Ake Tsoron Batir?

Yawancin waɗannan kekuna suna amfani da batir na sinadarin litiyam, irin wanda ke cikin wayar hannu, sai dai na keke ya fi girma nesa ba kusa ba. A jikinsa akan rubuta "Li-ion". A cikin akwatinsa akwai ƙananan batura, sau da yawa guda 40 ko fiye, an jera su an haɗa. Kowane ɗaya yana da wani ruwa mai saurin kama wuta.

Idan batir ya huje, ko nauyi ya danne shi, ko ya yi zafi ƙwarai, ko wani ƙarfe ya haɗa bakunansa biyu, sai ɗaya daga cikin ƙananan ya ɗau zafi ya kama wuta. Daga nan ya kunna na kusa da shi, shi ma ya kunna na gaba. Wutar tana da wuyar kashewa, hayaƙinta guba ne, kuma takan sake tashi bayan an zaci ta mutu.

An taɓa ganin illar haka. A ranar 3 ga watan Satumba na 2010, wani jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya tashi daga Dubai zai nufi Jamus. Wuta ta tashi cikin kaya, hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa, jirgin ya faɗi kusa da Dubai, matuƙa biyun da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna wutar ta fara ne daga wurin kayan da ke ɗauke da dubban batura na litiyam. Daga ranar 1 ga watan Afrilu na 2016, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, watau ICAO, ta hana a yi lodin irin waɗannan batura su kaɗai a jirgin da ke ɗauke da fasinja.

A Fara Duba Lambar Da Ke Jikin Batir

Ana auna ƙarfin batir da wani awo da ake rubutawa "Wh". Ga yadda dokar fasinja take:

1. Batir da bai wuce Wh 100 ba, kamar na waya ko na ƙaramar kwamfuta, fasinja na iya shiga da shi a jakar hannu.

2. Daga Wh 100 zuwa 160, sai kamfanin jirgin ya ba da izini, kuma kada ya wuce guda biyu.

3. Wanda ya haura Wh 160 ba ya shiga kayan fasinja ko kaɗan.

Batirin keke kuwa yakan kama daga Wh 300 zuwa 700, wani ma ya fi haka. Ke nan babu roƙo ko sanayya da za su shigar da shi.

Idan ba a ga Wh a rubuce ba, lissafin ba wuya. A nemi lambar da ke tare da harafin "V" da wadda ke tare da "Ah", a ninka su. Alal misali, 36V da 10Ah: 36 sau 10 ya ba da 360. Wannan batir Wh 360 ne, ya ninka iyakar 160 fiye da sau biyu.

Hanyoyin Da Suka Rage

Ta farko ita ce a raba su. Keken da aka cire wa batir ana iya aika shi kamar kowane keke. A sauke tayar gaba, a kwance feda, a karkata kan keken, a sa shi cikin kwali mai ƙwari. A tuntuɓi kamfanin jirgi tun da wuri, domin wasu ba sa karɓarsa ko da babu batir. Idan keken ya iso sai a sayi batir a gida. Amma kafin a yanke wannan shawara, a tabbatar akwai irinsa a kasuwa, mai lambar V iri ɗaya, wanda kuma zai zauna daidai a mazauninsa.

Ta biyu ita ce jirgin ruwa, kuma ita 'yan kasuwa suka fi bi. Daga ƙasar Sin zuwa tashar Apapa da ke Legas akan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, amma ta fi sauƙin kuɗi. A nan ma batir na cikin jerin kaya masu haɗari. Tilas a bayyana shi a takarda, a manna wa kwalin alamar da doka ta tanada. Wakilin sufuri na ƙwarai zai nemi takardar gwaji mai lamba UN 38.3, wadda ke nuna an jarraba batirin da zafi da jijjiga da bugu. Mai saye ya nemi wannan takarda wurin mai sayarwa kafin ya biya.

Ta uku ita ce jirgin sama na dakon kaya zalla. Tana da sauri, amma akwai tsada. Sai ta hannun kamfanin da ke da izinin ɗaukar kaya masu haɗari, kuma cajin batirin kada ya wuce kashi 30 cikin 100. Gidan waya kuwa ba ya kai batir mai wannan girma daga wata ƙasa zuwa wata.

Daga Legas Zuwa Arewa A Mota

Tsakanin Legas da Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, ga gargada ga zafin rana. Kafin a yi lodi a cire batir daga keke, a bar cajinsa wajen kashi ɗaya bisa uku. A rufe bakunansa da salatif, a naɗe shi da soso, a sa shi a kwalinsa shi kaɗai, ba tare da makulli ko ƙusa ko wani ƙarfe ba. Kada a ɗora masa buhuna, kada a bar shi a rana, kada kuma ya kusanci jarkar fetur. A gaya wa direba abin da ke cikin kwalin.

Batir da ya kumbura, ko ya tsage, ko ya faɗa ruwa, ko yake wari, ba a aika shi ta kowace hanya.

Kada A Ɓoye

Akwai dillalan da kan ce a rubuta "kayan gyara" a kan kwali don a rage kuɗi. Wannan shawara ce ta ɓata. Na'urar binciken kaya tana nuna batir. Idan an kama, a ƙwace kayan, a ci tara, wani lokaci har a je kotu. Idan kuma ba a kama ba wuta ta tashi a hanya, rayukan mutane da dukiyarsu ne a wuyan wanda ya ɓoye.

Idan kaya sun iso, a duba batir da kyau, a bari ya huce, sannan a yi masa caji da cajarsa ta asali. Kada a jona shi a tafi barci, kada kuma a yi cajin a bakin ƙofar ɗakin da iyali ke kwana. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye, amin.