Sabon Ringi a Tsohuwar Silinda

Kafin saukar damina, manoma da dama kan sauke injin tarakta a ƙofar gida, domin kuɗin gareji ya fi ƙarfin aljihu. Mu ɗauki Massey Ferguson 375, mai injin Perkins 4.236: silinda huɗu, faɗin kowacce kimanin milimita 98. Injin dizal ba ya aiki da fulogi. Matse iska ne ke haifar da zafin da ke kunna man. Da zarar iskar ta fara sulalewa ta gefen fistin, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya riƙa ƙarewa.

A nan ake yawan yin asara. Sai a sayo sababbin ringi, a zura su cikin silindar da ta yi sulɓi kamar madubi, a ce an gama. Ba za su zauna ba. Wajibi ne a goge bangon silindar da duwatsun guga da ake ɗaurawa a bakin injin huda, ana zuba mai, ana kai su sama da ƙasa, har siraran zane su fito a giciye, kusan digiri 45. Zanen nan ne ke riƙe mai, ringi ya samu mazauni. Sai dai guga ba ta gyara ramin da ya cinye har ya karkace. Wannan sai an auna, a sauya rigar silindar.

Bayan guga, a wanke da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito tas, domin fetur ba ya fitar da garin dutsen. In an tayar da injin kuma, a ɗora masa garma ya yi aiki. Barinsa yana ruri a tsaye na mayar da sulɓin.