Riƙon Kyamara da Zaɓen Wurin Tsayawa

A shekarar 1946 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch da abokansa biyu suka shiga kwalekwale don su bi kogin Kwara tun daga mafarinsa har bakin teku. Rouch yana ɗauke da ƙaramar kyamara ƙirar Bell & Howell mai fim na milimita 16. Tafiya ba ta yi nisa ba ya rasa mariƙin nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, dole ya ci gaba da ɗauka da hannu, abin da ƙwararrun lokacin suke ƙyama. Ita kuma kyamarar wani ake yi mata kamar agogo, in ta yi sakan 20 zuwa 25 sai ta tsaya. Waɗannan matsaloli biyu suna nuna darasin farko na mai koyon ɗaukar hoto: tun kafin ya danna, ya san inda zai tsaya da abin da yake so a gani.

Masu sana'ar sun kasa ɗauka gwargwadon tazara. Ɗaukar nesa tana nuna wuri, misali kasuwa da rumfunanta, don mai kallo ya san inda yake. Ɗaukar tsaka-tsaki tana kama mutum daga ƙugu zuwa kai, ita ce ta hira da ciniki. Ɗaukar kusa kuwa fuska ce kaɗai, ko hannu yana ƙirga kuɗi. Sabon shiga yakan tsaya wuri guda ya yi ta jawo hoto da maɓallin zum, yana kai da komo har kan mai kallo ya juya. Rouch bai yarda da wannan ba, ya fi son ya taka da ƙafarsa zuwa wurin abin. Dalilin a fili yake: zum yana ƙara girman abu ne kawai, amma in mai kyamara ya matsa, abin da ke gaba da wanda ke baya suna sauya matsayi, kamar yadda ido ya saba gani. Ga shi kuma zum yana ninka rawar hannu.

Riƙon kansa yana da ƙa'ida. A manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a ɗan ware ƙafafu, a sassauta numfashi. In za a juya kyamara, a juya daga ƙugu, a kuma bar hoton tsaye na ɗan lokaci a farko da ƙarshe, don mai tacewa ya sami wurin yanka. A 1971, a garin Simiri na ƙasar Zarmaganda, Rouch ya ɗauki fim ɗin Tourou et Bitti yana tafe cikin masu wasan bori, ɗauka guda ta kusan minti 10 ba yankewa. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, shekara 25 ya yi yana riƙon kyamara kafin nan.

Akwai wata doka da ake yawan karyawa. In mutum biyu suna magana, a ƙaddara wani layi ya ratsa tsakaninsu, kyamara ta zauna a gefe guda na layin. In ta tsallaka, wanda ke duban dama sai a gan shi yana duban hagu, su biyun su zama kamar suna kallon wuri ɗaya maimakon juna.

Sai batun haske. Abubuwa uku ne ke sarrafa shi: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da marufi ke buɗe, da ƙarfin jin haske wanda ake aunawa da lambar ISO. Lambar ƙofa tana rikita ɗalibai, domin a juye take: f/2.8 babbar ƙofa ce mai dusashe abin da ke bayan mutum, f/16 kuwa ƙarama ce, kusa da nesa duk su fito sarai. A fim, inda hoto 24 ko 25 ke wucewa a sakan guda, akan bar marufi a kashi 1 cikin 50 na sakan, don motsi ya yi kama da na zahiri.

Ranar Sahel tana da nata sharaɗin. In baƙin mutum ya sa farar riga da tsakar rana, kyamara takan auna hasken rigar, ta rage ƙofa, fuska ta koma duhu, inuwar hula kuma ta rufe idanu. Maganin shi ne a auna haske a kan fuska, a shigar da mutumin inuwa, ko a riƙe farin kwali a ƙasa ya mayar masa da haske. Shi ya sa masu fim suke son hantsi da bayan la'asar, lokacin da rana take haskowa daga gefe.