Sauya tsohuwar uwar garke a ƙaramar ma'aikata: misalin Damagaram

A ƙananan ma'aikatun birnin Zinder, sau da yawa na'ura guda ce ke riƙe da aiki biyu: tantance sunan ma'aikaci da kalmarsa ta sirri, da kuma ajiyar takardu. In ta mutu, ƙofa da rumbu sun rufe tare. Kamfanin Microsoft ya daina gyaran Windows Server 2012 R2 ran 10 ga Oktoba 2023, wata biyu bayan Nijeriya ta yanke wutar da take bai wa NIGELEC. Yawan ɗaukewar wuta da ƙurar hunturu suna gajarta ran faifai. Don haka, a ganinmu, kuɗin farko na batir ne da ondilar.

Ba a cire tsohuwa sai sabuwa ta zauna. Ana haɗa su, a bar rajistar Active Directory ta kwafu, a maida muƙaman FSMO guda 5 da aikin DNS kan sabuwar, sannan a sauke tsohuwar. Takardu kuwa da Robocopy ake kwashe su, domin izinin kowace ya bi ta. Kwafin hannu yakan buɗe takardar albashi ga kowa. A duba agogo kuma: saɓanin da ya wuce minti 5, Kerberos ba ya barin mutum ya shiga.